Muhawara: Yaya za a haddace ayoyin Littafi Mai Tsarki su zauna a ka, ba don bikin Kirsimati kaɗai ba?

Malama Saratu, Karaye:
Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Tambaya ce gare ni zuwa ga fastoci da malaman da ke wannan zaure. A yawancin ikkilisiyoyinmu na ƙauye yara kan haddace ayoyi saboda Kirsimati, su tsaya gaban jama'a su zubo su tiryan-tiryan, a tafa musu. Kafin Ista in ka tambayi yaron, ko rabi ba zai kawo ba. Na manya ma ya fi damuwa. A je gaida mara lafiya ko zaman makoki, a ce wani ya ƙarfafa mu da Maganar Allah, in ba fasto a wurin sai kowa ya sunkuyar da kai. To yaya za a tsara hadda a ikkilisiyar da ba ta wuce mutum sittin ba, Littafi Mai Tsarki bai kai goma ba, rabin manya kuma ba su karatu? Tsarin da za a iya bi nake nema.

Fasto Ishaya, Roni:
Salama, Malama. Kafin tsari a fara da dalili, don mutanen da ba su san abin da ya sa suke hadda ba, mako uku za su ajiye. Romawa 15:4 ta nuna cewa abin da aka rubuta tun dā, an rubuta shi ne don a koya mana, domin ta wurin haƙuri da ƙarfafawar Littattafai mu kasance da bege. Ki duba Makoki sura 3. Kuka ne a kan Urushalima bayan Babila ta rushe ta, kuma ayoyi ashirin na farko babu komai cikinsu sai ɗaci. A aya 21 mai maganar ya ce akwai abin da ya tuna, shi ya sa yake da bege. Aya 22 da 23 suka faɗi abin: ƙaunar Ubangiji ba ta ƙarewa, jinƙansa sabo ne kowace safiya. Tsakanin aya 20 da 21 garin yana nan a rushe, ba abin da ya canja sai abin da mutumin ya tuna. Wanda bai ajiye komai ba, me zai tuna a irin wannan rana? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsarin kuwa yana Maimaitawar Shari'a 6:6-7. Maganar ta fara zama a zuciyar iyaye, sannan su koya wa 'ya'ya a lokuta huɗu: zaune a gida, tafe a hanya, lokacin kwanciya, lokacin tashi. Duka huɗun a gida da hanya suke. Matsalar yaran Kirsimati ke nan, ayar tana ƙarewa a aji ranar Lahadi, ba ta bin yaro gida.

Malam Dauda, Sumaila:
Baba Fasto ya kawo tushe, bari in kawo yadda ake yi a aji. Hadda ba ta da wuya, bita ce ake sakaci da ita. An daɗe da auna cewa mantuwa ta fi sauri a kwana ɗaya ko biyun farko. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga bincikensa a kan haka tun 1885. Don haka ayar da aka koya ranar Lahadi aka bar ta sai wata Lahadin, kusan daga farko ake sake ta.

A ɗauki nassi gajere mai cikakkiyar ma'ana, aya ɗaya zuwa uku. Kafin a fara hadda a karanta duk sakin da ayar take ciki sau biyu, a bayyana wa ke magana, da wa, a kan me. Haka aka yi a Nehemiya 8:8, an karanta kuma an bayyana. Abin da mutum ya gane ya fi saurin shiga kai. Sannan a yanka ayar gaɓa-gaɓa inda numfashi ke tsayawa, kalma biyar zuwa bakwai. Malami ya faɗi gaɓar farko, aji ya amsa, sau biyar. Haka ta biyu. Sai a haɗa su.

Wuri uku ne abin ke lalacewa. Na farko mahaɗa: yaro ya san gaɓa ta ɗaya ya san ta biyu, amma yana ƙare ta ɗaya sai ya tsaya cak, don ba a taɓa maimaita masa ƙarshen wannan haɗe da farkon waccan ba. A ware wannan mahaɗar a yi ta sau biyar ita kaɗai. Na biyu wutsiyar aya. Kullum daga farko ake somawa, sai farkon ya sha maimaici ashirin, ƙarshen biyar. Maganinsa wani lokaci a fara daga gaɓar ƙarshe a dawo baya. Na uku faɗa tare. In aji duka na faɗa da murya ɗaya, yara biyar masu kai ne ke ja, sauran leɓe kawai suke motsawa. Kafin a tashi a raba su biyu-biyu, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa shi kaɗai.

Bita kuma: daren ranar kafin barci, washegari da safe, kwana na uku, cikar mako, daga nan sau ɗaya a wata. A minti talatin na aji, ashirin na tsofaffin ayoyi ne, goma na sabuwa. Yawancin malamai akasin haka suke yi. Masu karatu su yanka kwalin sabulu ko na shayi, aya a gaba, sura da lamba a baya, a ɗaure kashi uku da roba: na kullum, na mako, na wata. Katin da aka yi tuntuɓe a kansa ya koma kashin kullum.

Baba Barnaba, Rogo:
Malam Dauda, Allah ya yi maka albarka, amma tsarinka na ɗan makaranta ne. Katin kwali ba zai yi wa tsohuwar da ba ta san baƙi ba komai. Kuma ba ka sa damina a lissafi ba. Daga saukar ruwa zuwa a kai amfani gida, wato wajen Yuni zuwa Oktoba, mutum yana fita da duhu ya dawo a gajiye. Shuka, noman fari, maimai, ga yankan gero, ga cirar gyaɗa, ga roron wake. Duk wanda ya ɗora wa jama'a sabuwar aya kowane mako a wannan lokaci zai ga suna janyewa, kunya ce za ta hana su zuwa don ba su iya ba.

A raba shekara biyu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sabuwar hadda, mako ashirin da 'yan kai ke nan. Da damina tishi kawai, ba ƙari. Aya ashirin da suka zauna daram a shekara sun fi hamsin da biyu da suka zube. A shekara biyar mutum yana da ɗari a kansa.

Mu kuma dubi maƙwabtanmu na makarantar allo, don a wajen hadda sun san aiki. Ɗalibi ba ya wanke allonsa sai malam ya saurare shi ya tabbatar ya riƙe. Da murya suke karatu, ba a zuci ba. Kuma kullum suna tilawar abin da ya wuce. Waɗannan ukun ba na wani addini ba ne, yadda kan ɗan Adam ke riƙe magana ne. Mu mukan wuce zuwa sabuwar aya ba wanda ya saurari ta jiya.

Malam Dauda, Sumaila:
Gaskiya ne Baba, na karɓi maganar damina. Sai dai a lura da wurare biyu. Inda ake noman rani da ruwan Tiga, wajen Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ma ba hutu ba ne, ana kan tumatir da alkama. Can sai dattawa su duba watannin da hannu ya fi sauƙi. Sannan samari da yawa suna tafiya cin rani da zarar an gama kaka, daidai lokacin da za a fara. Su a ba su nasu kafin su tafi, nassi guda dogo maimakon ayoyi warwatse, misali Zabura 121, aya takwas ce, ta matafiyi ce kuma. In sun dawo shuka su faɗa a gaban dattijo.

Mama Rifkatu, Zumuntar Mata, Gani:
Ina gaida iyaye. Wajen mata hanya ɗaya ce ta fi kowace aiki, waƙa. Macen da za ta ce kanta ba ya riƙe aya, ita ce ta san waƙoƙin Zumunta hamsin ba littafi. Kolosiyawa 3:16 ma ta haɗa zaman Maganar Almasihu a cikinmu da zabura da waƙoƙi. A sa wa ayar murya mai sauƙi, mai bayarwa ta ba da gaɓa, sauran su amsa. A zaɓi kiɗan da ya dace da daka ko surfe ko tafiya rijiya, don a nan za a riƙa yin ta, ba a zaune ba.

Amma a kiyaye abu guda. Mai sa murya takan rage kalma ko ta ƙara don waƙa ta zauna, bayan shekara biyu sai a ɗauka abin da ake rerawa shi ne ayar. Kafin a koya wa kowa, mai karatu ta buɗe littafi ta bi da yatsa ana rerawa. In kalma ba ta shiga muryar ba, muryar za a canja. Sannan duk ranar taro, bayan an rera, mutum biyu su faɗi ayar da baki ba waƙa. Akwai wadda in ka cire mata muryar ba za ta iya kawo kalmomin ba, kuma a bakin gadon mara lafiya a asibiti ba kullum ake samun damar rerawa ba.

Yohanna, ɗalibi, Kazaure:
Iyayena ku gafarce ni, tambaya ce ba gardama ba. Yanzu Littafi Mai Tsarki na Hausa yana cikin waya, har da na saurare. In ina neman aya, minti ɗaya na samo ta. Shin hadda ba don zamanin da littafi ke wuya ba ce?

Fasto Ishaya, Roni:
Yohanna ɗana, tambaya ce mai kyau. Waya tana ba ka ayar da ka san kana nema. Ba ta tsayar da kai lokacin da fushi ya taso a kan iyakar gona, ko lokacin da aka miƙo maka kuɗin da bai kamata ka karɓa ba. A wannan daƙiƙar ba wanda ke ciro waya. Zabura 119:11 ta ce an ɓoye maganar a zuciya don kada a yi zunubi, wato tana ciki tun kafin jarabar ta zo. A Yahaya 14:26 Yesu ya ce Ruhu Mai Tsarki zai tuna wa almajirai abin da ya faɗa musu, kuma abin da aka taɓa ji ne ake tunawa. Shi kansa Ubangiji a kan gicciye, hannuwansa a kafe, daga Zabura 22:1 da 31:5 ya yi magana.

Amma wayarka tana da babban aiki a ƙauye. Ku matasa ku ɗauki muryar malami yana faɗin ayar mako, gaɓa-gaɓa, yana barin shiru bayan kowace gaɓa daidai tsawon da mai saurare zai maimaita. Sau uku a jere, duka kada ya wuce minti biyu. A sa wa kowace lamba, 01, 02, don su jeru a memori, a tura wa ƙananan wayoyi ta Bluetooth. Tsohon da ba ya karatu zai iya danna ta yana kiwo.

Rabaran Istifanus, Tudun Wada:
A kan maganar waya akwai tarko. A tabbata juyin da ke cikin waya shi ne wanda ake karantawa a bagadi. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fara fitowa da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Sabon juyi ya fito a 1979, daga baya kuma ga Sabon Rai Don Kowa. Jimlolinsu ba ɗaya ba ne, har sunayen wasu littattafai sun bambanta: tsohon yana da Matta da Yohanna da Misalai, na 1979 yana da Matiyu da Yahaya da Karin Magana. Yaron da ya koya da wani juyi a aji, ya ji wani a waya, ya ji na uku a bakin kakarsa, zai haɗa ukun ya fito da abin da ba ya cikin ko ɗaya. Ikkilisiya ta tsai da juyi ɗaya don sabuwar hadda. Tsofaffin da suka riƙe nasu da tsohon juyi kuma a bar musu abinsu, kada wani ya ce zai gyara musu.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne aya ba mahallinta. A Matiyu 4 Yesu ya amsa wa Iblis sau uku, duka daga Maimaitawar Shari'a: 8:3, 6:16, 6:13. Muna son wannan misali, amma mukan manta cewa Iblis ma ya kawo nassi. Zabura 91:11-12 ya jawo, ya ce wa Yesu ya faɗo daga kan Haikali tunda mala'iku za su tallafe shi. Kalmomin na Zabura ne, amfanin da aka yi da su ne ƙarya. Saboda haka yawan ayoyi a ka ba ya tsare mutum in bai san inda suka fito ba.

Ga biyu da aka fi yi wa haka a wurinmu. Irmiya 29:11, inda Allah ya ce nufinsa na alheri ne, zai ba su bege da makoma. Ana koya wa matasa ita kamar alkawarin cewa bana za a samu aiki ko a ci jarrabawa. Wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta zuwa Babila, kuma aya 10 ta ce sai shekara saba'in sun cika. Manyan da suka ji wasiƙar yawancinsu ba za su ga komawar ba. Aya 5 zuwa 7 ta ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da suke, su yi masa addu'a. Wanda ya haddace 11 kaɗai, in shekara ta ƙare ba abin da ya canja, zai ce Allah bai cika alkawari ba. Wanda ya riƙe ta tare da 7 da 10 yana da begen da zai jure jira, ya kuma san abin da zai yi yana jiran. Ga mu da muke zaune 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta, aya 7 ma ta fi kusa da rayuwarmu ta kullum.

Ta biyu Filibiyawa 4:13, iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa mu. Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, kuma aya 11 da 12 sun faɗi abin da yake nufi: ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. A haddace 11 zuwa 13 tare. Manomin da fari ya cinye masa gero yana da abin riƙewa a cikin ukun, amma 13 ita kaɗai za ta zame masa kamar zargi.

Shi ya sa na fi son a haddace nassi a jere. Zabura 23 aya shida, Zabura 1 aya shida, Matiyu 5:3-12, Romawa 8:31-39. Ya ma fi sauƙi, don kowace aya tana jawo ta gaba.

Talatu, Gwaram:
Baba Rabaran, tunda an ambaci Zabura 91. Akwai masu buɗe littafi a wurin su sa ƙarƙashin matashin jariri, wasu kuma su rubuta a takarda su naɗe su rataya wa yaro. In an yi magana sai su ce ai Maimaitawar Shari'a 6:8-9 ta ce a ɗaura a hannu, a rubuta a ƙofa. Me za a ce musu?

Rabaran Istifanus, Tudun Wada:
'Yata, a yi musu magana da taushi, don tsoro ne ke sa uwa yin haka, kuma iyayenmu da yawa daga gidajen da ake ɗaura laya suka fito. Amma a faɗa musu gaskiya. Aya 8 da 9 suna bin 6 da 7 ne, manufar ita ce maganar ta kasance a gaban ido don a tuna, a faɗa, a yi. Rubutun da ke bangon zaure kowa na karantawa yana wannan aiki. Wanda aka naɗe aka ɗinke ba mai sake ganinsa, an mai da shi magani ke nan. A 1 Sama'ila 4 Isra'ilawa sun ɗauko akwatin alkawari zuwa fagen yaƙi suna zaton shi zai cece su, aka ci su, aka kuma ƙwace akwatin. A Ayyukan Manzanni 19:13-16 wasu a Afisa sun kira sunan Yesu kamar kalmar tsafi ba su san shi ba, suka fita da rauni. Uwar da ke tsoro a koya mata Zabura 121 ko 4:8 ta riƙa faɗa da bakinta a kan yaron tana addu'a. In kuma zazzaɓi ne a kai shi asibiti a ranar, a sa masa gidan sauro.

Mama Rifkatu, Zumuntar Mata, Gani:
Wata matsalar kuma lambobi. Tsohuwa za ta kawo ayar daidai, a ce sura nawa aya nawa, ta rikice, yara su yi dariya, mako mai zuwa ba za ta buɗe baki ba. Dole ne sai da lamba?

Rabaran Istifanus, Tudun Wada:
Ba dole ba ne gare ta, Mama. Lambobin daga baya aka sa. Rabon surori da muke bi aikin Stephen Langton ne na Ingila a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ya buga su a 1551. A Markus 12:26 Yesu da kansa cewa ya yi a littafin Musa, wajen labarin kurmin nan mai cin wuta, bai faɗi sura ko aya ba. In tsohuwa ta san cewa Zabura ce, ko wasiƙar Bulus ga Romawa, ya isa.

Malam Dauda, Sumaila:
Ga tsofaffi na yarda, Baba Rabaran. Ga yara da matasa da duk mai tsayawa gaban jama'a ban yarda a sassauta ba. Lamba ce ke ba da damar a bincika. Sau nawa ake jin mai jawabi ya ce Littafi ya ce "tashi in taimake ka"? Zancen gari ne, ba ya cikin littattafai 66 ɗin, amma da yake ba a saba tambayar sura da aya ba sai ya wuce. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 an yabe su don suna bincika ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. A koya wa yaro ya faɗi lamba kafin ayar, ya sake faɗa bayanta. Lambar ce ke fara zubewa, shi ya sa sau biyu.

Malama Saratu, Karaye:
Na gode ƙwarai iyaye. To gasa fa? A daina ba da kyauta ne?

Fasto Ishaya, Roni:
Kada a daina, a canja abin da ake ba kyautar a kansa. In ta wanda ya fi yawan ayoyi ce ranar biki, yara uku ne za su ci kowace shekara, sauran su san ba da su ake ba. Kuma haddar mako biyu kafin biki ita ce mai zubewa. A yi gwajin wata uku bayan an koya, ba sanarwa. A tambayi abu uku: faɗi ayar, wa ya faɗe ta ga wa, a wane hali za ka tuna da ita. Duk wanda ya kawo ya samu, ko fensir ne ko sabulu. Yakubu 1:22 ta ce mu zama masu aikatawa, ba masu ji kawai ba, to tambaya ta ukun ita ce ke nuna ko ayar ta sauka.

A zaɓi nassosin kuma bisa abin da mutanenmu ke fuskanta. Ruwa ya ɗauke bayan shuka ko ambaliya ta ci gona: Habakuk 3:17-19, inda annabin ya lissafa ɓaure da inabi da gona da garke duk babu, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah. Rasuwa: 1 Tasalonikawa 4:13-18 da Yahaya 11:25-26. Tsoro da dare ko jita-jitar tashin hankali: Zabura 46:1-3, Ishaya 41:10. Rigimar gado ko iyakar gona: Romawa 12:17-21, Karin Magana 15:1. Wanda ya faɗi cikin zunubi yana jin kunyar dawowa: 1 Yahaya 1:9. In maƙwabci ya tambayi dalilin begenmu: 1 Bitrus 3:15-16, kuma a haɗa da sashen da ya ce da tawali'u da girmamawa, don shi ake yawan yankewa.

Baba Barnaba, Rogo:
Fasto, ka bar ni in ƙara a kan rasuwa, don nan ne masu hadda ke yin ɓarna ba da nufi ba. Saurayi ya riƙe Romawa 8:28, ya shiga gidan da aka binne yaro da safe, ya ce wa uwar kome yana aiki ne don alheri. Ayar gaskiya ce, ranar ce ba tata ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, Ayuba 2:13, kuma sai da suka buɗe baki ne suka ɓata. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi kuka. Ranar farko a zauna, a kawo ruwa, a kama aiki. In za a faɗi nassi, a faɗi wanda ke kuka tare da mai kuka, kamar Zabura 34:18 ko 23:4, a hankali, ba wa'azi a bayansa. Na Tasalonikawa a bar wa bakin kabari da kwanakin da ke biye. Romawa 8:28 sai bayan makonni, in ita da kanta ta fara tambaya. Wannan ma a koya shi a aji tare da ayar.

Malama Saratu, Karaye:
Baba na gode. Saura abu ɗaya. An ce bitar a gida take, daren Lahadi da washegari da kwana na uku. A gidan da uba da uwa ba su karatu, wa zai saurari wa?

Mama Rifkatu, Zumuntar Mata, Gani:
Kusan kowane gida akwai ɗan firamare ko sakandare mai iya karanta Hausa. Shi za a ba takardar mako, a rubuta da manyan baƙaƙe, a liƙa inda ake cin tuwon dare. Bayan an ci, kafin a watse, ya karanta sau biyu, kowa ya faɗa daga ƙarami zuwa babba, minti biyar. Gidan da ba mai karatu a haɗa shi da na kusa, ko a ba su muryar da Fasto ya ce a ɗauka a waya.

Sai dai a ja wa yaron kunne tun a aji. Ba zai ce wa mahaifinsa ko kakarsa "ba haka ba ne" a gaban mutane ba, in ya yi haka sau ɗaya an rufe karatun a gidan. In babba ya yi tuntuɓe, yaron ya sake karanta gaɓar kawai kamar yana yi wa kansa, babban zai ɗauka. Kuma maigida ne zai ce a fara, ko da ba shi ke riƙe da takardar ba. Dattawan ikkilisiya su faɗa wa magidanta wannan a taron maza kafin a raba takardun farko a Nuwamba.